Tsallaken Kulkin Munemo

Ƙauyen Mawere, Gutu
9 ga Agusta, 1988

Zuwa ga maigidana, Baban Farisai,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Bulawayo? Ina fata tarin nan ya sake ka, kuma kana sa rigar sanyin da na saƙa maka, ba ka mayar da ita matashin kai ba. Mu nan lafiya lau. Farisai tana gaishe ka, jar saniyar nan kuma ta haihu, mace.

Dattawa sun sa ranar bikin dawo da ruhin ƙanena Munemo gida, Asabar ɗin farko ta watan gobe, tunda shekara ta zagayo da rasuwarsa. Har an jiƙa tambar da za a yi giya. Ka san abin da ke jirana washegarin bikin. Ni ce gwaggon gida, ni zan raba kayansa, ni kuma zan shimfiɗa kulkinsa a ƙasa matarsa Marwei ta tsallake, ta je ta dawo. In ta tsallake lafiya, kowa ya shaida ta riƙe kanta shekarar nan, sai a ba ta akushin ruwa ta kai wa wanda take so ya gaje ta. In ta ƙi, ko ta yi tuntuɓe, to ta ci amana, ta ƙona kabarin mijinta ke nan. Sai ta tattara ta koma gidan ubanta a Chivi, 'yan matanta biyu kuma su tsaya, don da shanunmu aka auro uwarsu.

Da za ka ga Yaya Togarepi sai ka riƙe ciki. Tun da matarsa ta rasu bai san inda reza take ba sai makon nan. Ya yi aski, ya sayo malafa mai gashin tsuntsu, kullum kuma kekensa sai ya lalace daidai ƙofar gidan Marwei. Ni dai ban sani ba ko matar yake kallo ko lambun fadamar da Munemo ya bari.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Baban Farisai, Marwei ta sauya, kuma abin ya tsaya mini a rai. Kullum da asuba ina hango ta daga garkenmu tana nufar duwatsun bayan lambu, hannu rabbana. Ba ta dawowa da itace, ba ta dawowa da ganye, sai gumi da ƙura a zani. Tafiyarta ma ta zama wata iri, a hankali, da yauƙi kamar amarya. Shekaranjiya ta gai da ni a tsaye, ta ɗan rusuna ta tafa hannu kawai, ita da ba ta taɓa miƙo mini ko ruwa ba sai gwiwa biyu a ƙasa. Matan bakin rijiya sun fara cewa wai ta samu mai ɗaure mata gindi ne.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce tsoho Zindoga, abokin wasan gidanmu, bai yi ƙarya ba da ya laƙaba mini Rediyon Mawere. To, na ji, zato zunubi ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma kulkin nan a hannuna zai bi. Me mace za ta je yi cikin duwatsu da sassafe? Wa ma yake can ban da birai? Na lissafa mazan ƙauyen nan kaf, har da malamin makaranta da mai injin niƙa, ban ga wanda ya dace ba. In ban gano ba barcina ba zai yi daɗi ba.

Ka gaishe da abokan aikinka. In ka samu mai zuwa, a aiko mana da sukari da sabulu.

Taka har kullum,
Sekesai


Ƙauyen Mawere, Gutu
22 ga Agusta, 1988

Baban Farisai, maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai saƙonka ya iso ta hannun direban bas, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na kuma karanta inda ka ce in kama kaina. Na kama, amma sai bayan da na je na gani.

Ranar Laraba na bi ta. Na laɓe bayan wani dutse, ina jiran in ga wane mai ƙarar kwana ne zai fito. Ba wanda ya fito. Sai na ga ta jawo wani reshe daga cikin ciyawa ta shimfiɗa a ƙasa, ta ja da baya, ta tattare zani, ta tsallake. Ta juyo za ta dawo, sai ƙafar hagu ta lanƙwashe, ta zube. Ta tashi ta sake. Ta sake zubewa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba.

Ta waiwayo a firgice, ta ce, “Gwaggo! Ke ce? Na shiga uku.”

Na ce, “Matar gidanmu, wannan ne kwarton naki? Ai kuwa kin zaɓi siriri.”

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta ɗage zani, sai ga gwiwa ta kumbura suntum kamar kabewa. Ashe tun lokacin huɗa, da take bin shanun Munemo ita kaɗai, garma ta fizge ta ta faɗi a kan kunyar gona. Ciwon ya lafa, da sanyin nan ya shigo kuma ya dawo sabo. Yauƙin da muke gani ɗingishi take ɓoyewa. Gaisuwar tsaye kuwa, in ta durƙusa ba ta iya tashi sai ta dafa.

Na ce mata, “To ke wace irin mutum ce? Ki faɗa wa dattawa mana.”

Ta ce, “In ce musu me, Gwaggo? In ce ba zan iya tsallakewa ba, ƙafa ke ciwo? Ke da kanki, in wata ce ta faɗi haka saura kwana kaɗan, me za ki ce a bakin rijiya?”

Na kuwa san abin da zan ce ɗin. Ka tuna matar nan ta Gonese da ta ce cinyarta ta riƙe, har yau ba a daina ba da labarinta ba. Ka ga dai yadda abin yake: in ta faɗa an ce dabara ce, in ta yi shiru ta faɗi a gaban jama'a an ce Munemo ne ya kama ƙafarta. Ta ce da ita kaɗai ce da ta kama hanyar Chivi tun jiya, amma babbar 'yarta Ruvimbo ta kusa zama budurwa, ƙaramar, Idai, kuwa har yanzu ba ta barci sai ta riƙe mata zani. Nan ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, muka zauna kan dutse mu biyu birai na kallonmu. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Kai dai ba kowa ba ne.

Tun ranar nake zuwa da yamma ina gasa mata ƙafar da ruwan zafi. Wani abu yana ba ni mamaki, na kuma rasa wanda zan tambaya. Shin mamacin da kansa yake riƙe ƙafar mai laifi, ko kuwa tsoro ne ke kayar da ita? In shi ne, ai Munemo ya san inda gwiwar ta samu ciwo, a gonarsa ce. Kai me ka gani?

Jiya Yaya ya zo mini da kaza, wai in sa masa baki. Na karɓi kazar. Da na tambayi Marwei wa za ta kai wa ruwa, sai ta ce, “Gwaggo, bari in tsallake tukuna.” Wannan ma ya zame mini wani abin tunani.

Don Allah ka aiko da man zafin nan mai ƙarfi na kantin magani, kada ka yi jinkiri.

Matarka mai ƙaunarka,
Sekesai


Ƙauyen Mawere, Gutu
6 ga Satumba, 1988

Maigidana abin alfaharina,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Na yi baƙin ciki da ba su ba ka hutu ba, don bikin nan na gani da ido ne. Man zafin ya iso, sai dai bai yi abin da muka so ba.

An dawo da Munemo gida lafiya. Da aka zuba wa akuya giya ta girgiza jiki nan take, alamar ruhinsa ya amsa, mata suka rangaɗa guɗa, aka rako shi daga kabari da waƙa har cikin ɗakin girki. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na raba riguna da takalma, sannan na ɗauko kulkin. Na nemi wuri mai laushi na ajiye shi, har na ɗan danna shi cikin yashi da ƙafa. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Marwei ta fito, 'ya'yanta na zaune kusa da ni. Ta tsallake, ta tsaya daram. Har na buɗe baki zan yi guɗa, ta juyo za ta dawo, ƙafar ta ci amanarta. Ta faɗi a kan kulkin.

Baban Farisai, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Wani dattijo ya yi gyaran murya, wata daga baya ta ce, “Ai dama mun faɗa.” Kawunta da ya zo daga Chivi ya sunkuyar da kai. Idai ta ƙanƙame hannuna. Rantsuwar da na yi ta faɗo mini, na ce a raina Allah ya yafe, na miƙe. Na je na ɗage zanin Marwei zuwa gwiwa a gaban surukanta maza, abin da ba a yi, na ce, “Ku buɗe ido ku duba. Wannan namiji ne ya yi ta ko garma?”

Yaya ya ce, “Sekesai, zauna. Ciwo daban, kulki daban. Kulki ba ya ƙarya.”

Na ce, “Yaya, ni fa, nakan yi ƙarya? Wace kaza ce ta yi ƙwai a ƙauyen nan ban sani ba? Na san wanda ke sayar da giya ranar hutun gona, na san wanda kekensa ke lalacewa a ƙofar gida ɗaya kullum. Na bi matar nan har cikin duwatsu ina neman kwartonta, na tarar da ita tana koyon tsallake reshe. In akwai namiji, ni zai ɓuya wa?”

Sai tsoho Zindoga ya daka tsalle da sandarsa, ya ce, “Jama'a, magana ta ƙare! Abin da Rediyo bai kama ba, ba a watsa shi ba. Ni kaina tsoron zagayawa bayan gida nake saboda matar nan!” Wuri ya kece da dariya, har da dattijon mai gyaran murya. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, babbansu ya ce ta tsallake da farko lafiya, faɗuwar dawowa kuwa ta gwiwa ce. A ba ta ruwa.

Ka san ba a kai akushin nan a tsaye. Ta durƙusa a kan gwiwar nan, ta riƙe shi da hannu biyu, ta fara jan jiki. Yaya ya cire malafa, ya naɗe hannun riga. Ta wuce shi. Ta wuce ɗan baffanmu da ke kusa da shi. Ni kuwa ina ta leƙe, ina cewa to wa ya rage? Ta ratsa tsakar gidan nan duka, gumi na zuba, ruwa na rawa a akushi, ta shigo cikin mata ta ajiye shi a gabana. Ta tafa hannu, ta ce, “Ga ruwa, maigida.”

Duk lissafin da na yi wata guda, ban taɓa sa kaina a ciki ba. Na san abin da ake nufi: ba ta son miji, tana son zama a gidanta da 'ya'yanta, ni ce kuma zan tsaya mata a kan komai, daga gona har auren yaran. Na san Yaya ba zai yafe mini da wuri ba, kai ma ban shawarce ka ba. Amma na dubi gwiwar tana karkarwa a kan tsakuwa, na tsoma hannu na wanke. Ban gama tunani ba, so nake kawai ta samu ta ɗaga ƙafar nan daga ƙasa.

To ka ji. Marwei tana nan, yara suna nan. Gobe zan kai ta asibiti a amalanken shanu, tunda yanzu ba mai cewa dabara ce. Ka roƙi hutu kafin ruwan fari, don bana gona biyu za mu huɗa. Yaya bai amsa gaisuwata ba tun ranar, abin yana damuna, amma zai huce.

Yau da safe ina shara, Idai ta shigo ta durƙusa, ta tafa 'yan hannayenta, ta ce, “Baba, Mama ta ce a gaya miki rufin rumbu ya ɓule.” Na ajiye tsintsiya na bi ta.

Ka huta lafiya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Sekesai