Rakiya, Na Taka da Ƙafata Har Rigachikun

Zuwa ga matata Rakiya, Maman Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso hannunki ba. Amma shekara ashirin da huɗu na saba duk abin da ya same ni ke nake fara gaya wa, kuma har yau ban iya sauya wannan ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan da muka raka ki. Sadiya tana zuwa daga Kurmin Mashi duk Lahadi, ta yi shara, ta yi min miya, ta koma ɗakinta. Sauran kwanakin ni kaɗai ne a gidan.

Kin tuna ranar da na faɗi a tashar Kawo. Ina jingine da motata ana lodin Zariya, sai kofin shayi ya suɓuce daga hannuna, bakina ya karkace. Abokan aiki suka kwashe ni zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye min ɓarin hagu. Shekaru ina zaune a kan sitiyari, tsire da lemon kwalba ne abincina, ban taɓa tsayawa an auna ni ba.

Da aka sallame mu, na riga na yanke wa kaina cewa kwanciya ce har mutuwa. Ke kuwa ashe kin zuba ido kin haddace duk abin da masu gashin ƙashi suke yi min. Washegari kika ɗora tiren wake a cinyata, kika ce in tsince shi da hannun da ya mutu, ƙwaya ɗaya-ɗaya, in zuba a kwano.

A rana ta uku na yi jifa da tiren. Na ce ba ki da imani, kin samu nakasasshe kina wasa da shi. Kika durƙusa kika tsince waken tas, kika dawo min da shi, kika ce, "Malam, na yau kawai za ka yi. Ba wanda ya tambaye ka na gobe." Sai bayan rasuwarki Sadiya ta gaya min cewa a irin ranakun nan kicin kike shiga ki yi kukanki, ki wanke fuska ki fito. Ban taɓa neman gafararki a kan maganar nan ba. Na ɗauka da sauran lokaci.

Daga wake muka koma buta, in ɗaga ta da rabin ruwa, in sauke. Sai tafiya. Bayan sallar asuba ki zura hijabi, ki riƙe min gwiwar hannu, mu fita layi. Da farko falwayar ƙofar gida ce iyakarmu, sai da muka yi wata kafin mu kai ta uku. Maƙwabta suna yi mana sannu, ni kunya kamar in nutse, ke ko a jikinki. Gishiri kuma gidan gaba ɗaya kika rage wa, don kada kwanonki ya fi nawa daɗi. Da harshena ya yi nauyi, kika sa ni karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani a bayyane kullum, kina gyara min inda harafi ya maƙale.

Shekara biyu muna haka har na ajiye sanda, na koma tasha ina rubuta sunayen fasinja. Sai ke, da ba ki taɓa kwana a asibiti ba in ba haihuwa ba, zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ke.

Ba zan ɓoye miki ba, Rakiya, na saki komai. Wata huɗu ban fita tafiya ba. In yi asuba a ɗaki in koma in kwanta. Magani sai in na tuna. Mai tsiren bakin tasha ya sake sabawa da fuskata. Na koma jan ƙafar. Wata Juma'a na yi sujada a masallaci na kasa tasowa, sai da mutum biyu suka kama ni. A hanyar gida na gane cewa duk abin da na yi a shekaru biyun nan da ƙarfin zuciyarki na yi shi, ni ban tara nawa ba. Zanen aro ne, ga shi bai rufe katara ba.

Washegari na fita. Ba wanda ya tashe ni, ba wanda ya riƙe min hannu. A falwaya ta biyar na tsaya ina haki, na dawo. Abin da ya fi wuya ba ciwon ƙafar ba ne, sanin da na yi ne cewa ko na koma na kwanta ba wanda zai sani. Haka na riƙa fita, ran da nake so da ran da ba na so, kuma ranakun da ba na so sun fi yawa. Na dawo da butar, na dawo da karatun, ko da yake yanzu in na yi tuntuɓe a aya ni nake komawa baya da kaina. Tsire kuwa sau biyu ya kayar da ni tun lokacin. Na faɗa miki don kada ki ɗauka na zama waliyyi.

Ranar Asabar da ta wuce na yi abin da ya sa na ɗauki biro. Na tambayi likita ko zan iya doguwar tafiya, ya ce in na ji jiri in tsaya. Na sha maganina, na ɗauki gorar ruwa, na kama titin Zariya da ƙafa don in gaida Inna, mahaifiyarki, a Rigachikun. Direbobin da suka san ni suna ta tsayawa in shiga, ina ɗaga musu hannu su wuce. Sau uku na zauna na huta. Hantsi ya dubi ludayi kafin in yi sallama a zauren.

Idon Inna ya ƙara rauni. Da na ce mata a ƙasa na zo, sai ta lalubo hannuna na hagu, ta ce in matse nata. Na matse. Sai ta ce, "To, ba a banza ta wahala ba."

A mota na dawo. Tun daga bakin layi nake sauri, labarin yana cina. Na tura ƙofa na yi sallama da ƙarfi, sunanki ya zo har bakina. Na tsaya a tsakar gida na ɗan lokaci. Sannan na cire takalmi, na ɗora ruwa, na gasa ƙafata da kaina.

Ki yafe min maganar da na gaya miki, Rakiya. Ke ce mai imanin.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane taki da kika yi a gefena. Ni kuma Ya ba ni ikon riƙe amanar jikin nan har ranar da zai karɓi abinsa, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa. Amin.

Naki har kullum,
Mijinki, Isiyaku
Kawo, Kaduna