Azumin da Na Fake da Shi

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen Damba. Ni lafiya lau, karatu ma alhamdu lillahi. Sai dai jiya aka sallame ni daga asibiti a nan Alƙahira. Kar ki tada hankalinki, na ji sauƙi.

Yaya, kunya nake ji. Azumin nafilar nan da Inna take ta sa mini albarka a kansa, ba don Allah kaɗai ba ne. Maganin rage ƙiba nake sha, 'yar ɗakinmu ta samo mini. Yana kashe yunwa, sai na fake da azumi. 'Yan matan littattafan soyayyar da nake karantawa duk sirara ne, ni kuwa kin san jikina.

Sai amai da ciwon ciki suka kayar da ni, numfashina sama-sama. Likita ta ce jinina ya yi tsami, don jikina ya rasa abinci ya koma ƙona kitse. Na ce ai masu ciwon suga hakan ke samu, ni kuwa ba ni da shi. Ta ce maganin da yunwa sun isa su jawo shi, kuma ana mutuwa.

Ga roƙona. Na aika wa Maijidda ta gidan Gwaggo irin maganin a cikin tsaraba, yana wurinta a Tsafe yanzu. Don Allah ki je ki karɓe tun ba ta fara sha ba. In ta ƙi ba ki, ki gaya wa Inna komai. Na yarda.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Nana Khadija