Motar da Ba Ta Faɗin Ciwonta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Baba da sauƙi, wankin ƙodar ne dai ke galabaitar da shi.

Tsohuwar motata ta sake macewa a hanyar asibiti har muka rasa layinmu, don haka na shiga neman wata. Abokiyar aikina za ta sayar da tata, irin mai haɗa fetur da lantarki, ta dai kwana biyu a duniya. Ba ta shan mai, amma wai ranar da babban batirinta ya mutu, kuɗin sabo ya kusa sayen wata motar. Ni ranar nake son sani.

Na kai Baba ya duba, tunda duk shekarunsa na tuƙi da kunne yake gane ciwon mota. Ya sa aka buɗe gaba, ya kasa kunne, ya ce in tayar. Na ce ai tun ɗazu a tashe take. Yaya, da kin ga fuskarsa. Ya yi ta zagaya ta yana neman inda ta ɓoye muryarta, daga ƙarshe ya ce shi bai yarda da motar da ba ta faɗin inda ke mata ciwo ba. Na ce halinsa ta ɗauko.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fatan zazzaɓin ƙaramin naki ya sauka.

Na kai motar wurin makanike ya jona mata kwamfuta, na tsaya a kansa ina ta tambaya har ya gaji da ni. Ashe batirin yana bayan kujera, da 'yar fankarsa da ƙura ta toshe. Ya share. Na tambaye shi nawa ya rage wa batirin. Ya ce ƙila shekara, ƙila biyar, muddin ba a bar shi ya yi zafi ba, kuma ana kawo shi dubawa a kan kari. Ban yi dariya ba. Kusan kalma da kalma abin da likita ya faɗa mana kan Baba ke nan.

Jiya na ari motar muka je asibiti. A dawowa Baba, wanda kullum kunnensa ke kan inji yana jiran mota ta mace, ya rasa abin saurare, sai barci. Har ƙofar gida bai farka ba, ni kuma na zauna ban tashe shi ba.

Na saya. Laraba ranar dubawarsu ce su biyun.

Ƙanwarki,
Auta