Rediyona Ba Ya Ƙugi Ranar Lahadi

Litinin, 5 ga Janairu
Rediyon nan ya sake yi. Ƙarfe takwas, mai sanarwar rasuwa ya buɗe baki ke nan, sai ƙugi, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Kafin ya lafa har an shiga farashin dankali. Ban ji wa ya mutu ba. A shekaruna kuwa labarin da ya shafe ni ke nan.

Laraba, 7 ga Janairu
Ashe Helmi ce. Jiya aka binne ta. Shekara sittin muna benci ɗaya a coci, ban je jana'izarta ba.

Lahadi, 11 ga Janairu
Marlys, 'yata, ta zo bayan coci kamar kullum, ta kunna tanda, ta sa burodi. Na ce ta zauna ta ji da kunnenta. Muka zauna. Rediyo tas, ko tari bai yi ba.
"Mama, ni fa ban ji komai ba."
"Tsoronki yake ji, kamar mijinki."
Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mini takarda mai hotuna, ta wani gidan tsofaffi a birnin Duluth. Tsofaffin ciki duk murmushi suke, haƙoransu iri ɗaya. Wai likita zai duba ni ran 27. In ta tabbata ina jin abin da babu, ba za a bar ni ni kaɗai a gidan nan ba. Gidan da marigayi Reino, mijina, ya gina da hannunsa.

Talata, 13 ga Janairu
Na bi kayan wuta ina zarewa ɗaya bayan ɗaya. Talabijin, fitilar karatu, firji. Ƙugi na nan. Firjin kuma na manta ban mayar ba, naman barewar da surukina ya harbo ya narke ya jiƙa ƙasa. Na goge. Marlys ba za ta ji wannan ba.
Na gaji, bayana ma ya gaji.

Alhamis, 15 ga Janairu
Na lura da wani abu. Ƙafata ta fara sanyi, bututun ɗumama ɗaki ya yi ƙwas, sai ƙugi. Sau huɗu kafin rana ta yi tsaka. Ina rubuta lokutan a bayan takardar Duluth, ta dai yi amfani.

Asabar, 17 ga Janairu
Na sa wa rediyo batir na sauka da shi ɗakin ƙarƙashin gida. Matakala goma sha uku. Ina matsawa kusa da tukunyar ɗumama gida sai ta kama aiki, rediyo ya yi kururuwa kamar an taka masa wutsiya. Na kama ɓarawo.
Hawowa ce dai. A ta bakwai gwiwa ta ƙi, na zauna. Ban san tsawon zaman ba, shayin da na bari a sama ya yi sanyi ƙalau. Ko na yi kira ba mai ji. Ban yi ba.

Lahadi, 18 ga Janairu
Marlys ta miƙa hannu za ta kunna tanda, sai na ga abin. Ma'aunin zafin da ke tada tukunyar, Reino a bangon kicin ya kafa shi, dab da tanda. Kowa ya ce ba nan ba, ya ce nan yake karin kumallo, nan yake son ɗumi. In ana gashi bangon ya ɗau zafi, tukunya ta yi barcinta. Shi ya sa Lahadi shiru.
Na ce, "Yau ba burodi." Na kunna rediyo, na wangale ƙofar baya, ƙanƙara na shigowa.
"Mama, don Allah rufe, me kike yi haka?" Kallon da ta yi mini, har ta gama haɗa mini akwati a ranta.
Minti goma. Ƙwas. Sai ƙugi, har ta dafe kunne.
Na ce, "Ke ma kin ji? To haɗa kayanki, mu nemi ɗaki mai gado biyu."
Ta yi dariya, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe.

Laraba, 21 ga Janairu
Duane mai gyara ya zo, ɗan Helmi, shi ma duk furfura. Wai wayar da ke kai tartsatsin kunna man tukunyar ce ta tsage, tana fesa wuta a gefe, rediyo na kwasa. Ya canza.
"Inna Aili, wayar nan ta kusa girme ni."
"Kai ma ka tsattsage, ba a canza ka ba."
Na ba shi haƙurin jana'iza, ya ce ta san halina, ba ta jira ni ba. Da zai tafi ya miƙo mini silifa ƙafa ɗaya, wai a tsakiyar matakala ya tsinta. Na ce na ɓera ne. Ya dube ni, ya ɗauki kayan aikinsa ya fita.

Talata, 27 ga Janairu
Marlys ta soke zuwa likita. Ina gidana.
Sanarwa ta fito tas, mutum biyu, ba wanda na sani.
Takardar Duluth tana ƙarƙashin kwandon burodi, ban ƙona ba, akwai rubutuna a baya. Injin wanki a ƙasa yake, na ce Marlys ta riƙa tafiya da wankin, don ta samu abin yi. Na kuma ce ta riƙa bugo waya kullum takwas da kwata, in faɗa mata wa ya mutu. Ba don komai ba.
In ban ɗauka ba, tana da makulli.