Korayen da Nake Aiko Maka

Diffa, 6 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Muhsinu,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da masu taya ka tsinkar tattasai a Geskeru. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke ta ciwonta. Wayarka ba ta shiga a garka, shi ya sa na ba Maina direba wannan takarda.

A ƙunshin akwai garin gero, sukari, ganyen shayi, da maganin gajiyar nan, korayen. Ka ce kati ɗaya ba ya isarka yanzu, to ga uku na saya wurin mai tire a kasuwa. Na san aikin ne ya yi yawa tun da mahaifinka ya rasu ya bar maka injin ban ruwa. Ka ci gaba da jefawa a shayi kafin ka ta da injin, yadda na koya maka.

Abu ɗaya nake gargaɗinka. Na ji Abatcha na gidan maƙwabta yana aiki kusa da kai, kuma an ce ƙwaya yake sha. Kada in ji ka zauna inuwa ɗaya da shi. Na faɗa wa uwarsa a gaban mata cewa sakacinta ne. Ɗan da aka tsare da salla da tsawa ba ya lalacewa haka.

Ka gaishe da mutanen garka.

Mahaifiyarka, Aisa Grema

Diffa, 19 ga Janairu

Muhsinu,

Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Ka fi ni sanin abin da ya faru, tunda an ce kana cikin waɗanda suka ciro Abatcha. Farfaɗiya ta kama shi yana gyara tiyo, ya faɗi a ruwan da bai kai gwiwa ba. Allah ya jiƙan shi.

Ranar sadakar uku wata ma'aikaciyar asibitin unguwarmu ta zo gaisuwa, ta kawo takardun faɗakarwa a kan ƙwaya da giya. Da Faransanci suke, sai mata suka miƙo mini, tunda ni ce na yi kwaleji. Na miƙe ina fassarawa da ƙarfi, har ina ƙara nawa wa'azin. An rubuta cewa mai shan ta yakan fara da ɗaya, daga baya ɗayar ta daina isarsa. Yakan bar cin abinci. Idan ta yi yawa takan kawo farfaɗiya, ko numfashi ya tsaya.

Da na juya takardar sai na ga hoto. Koriya ce, Muhsinu, da katinta da komai. Tiramol. Ita ce nake aiko maka tun bara.

Ni a sanina ƙwaya aba ce da ƴan iska ke sayarwa a ɓoye. Wannan kuwa a fili take kan tire, kusa da maganin ciwon kai. Na kasa ƙarasa karatun. Uwar Abatcha ce ta kawo mini ruwa, tana zaton tausayinta ne ya kama ni.

Ka zubar da su duka yau ɗin nan. Umarni ne.

Mahaifiyarka, Aisa

Diffa, 23 ga Janairu

Ɗana,

Ina yi maka sallama, ina tambayar lafiyarka, ko da yake Maina ya riga ya ba ni amsa. Ya ce a rame ya same ka sa'ad da ya miƙa maka takardata. Ya ce ba ka buɗe ta a gabansa ba, tambayarka kawai ko na aiko da maganin.

Jiya na tafi wurin majo, babban ma'aikacin asibitin, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya ce na sake yin kuskure. Wanda ya shekara yana sha ba ya yankewa rana ɗaya shi kaɗai a daji. Jiki zai yi ciwo da zufa da rashin barci, ya kore shi neman wata, wataƙila wadda ta fi ƙarfi. A hankali ake ragewa, a ƙarƙashin kulawarsu. Ya ba ni takarda ta biyu mai bayanin haka, ga ta a ciki. Ka karanta ta, ka bar umarnina na wancan mako.

Tun jiya da na ji ƙarar inji sai in tuna da Abatcha. Ka kashe naka. Kada ka je bakin kogin Komadugu kai kaɗai, ko alwala ce a ɗebo maka a buta. Tattasan ya bushe a tsaye in ya ga dama.

Ran Talata zan biyo motar Maina in taho da kai. Kada ka ɓoye mini abin da ya rage, majo yana son sanin nawa kake sha a yini. Ba zan yi faɗa ba. Ban san ma wa zan yi wa ba.

Shekara ashirin da huɗu ina ba ka umarni. Yau roƙonka nake yi: ka jira ni a kan tudu.

Uwarka, Aisa