Na tsorata yara a aji, ɗaya ta daina magana

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah kada a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya isa.

Ni ɗaliba ce a makarantar horon malamai a Diffa, ɓangaren ƙananan yara. Gaskiya ba son yara ya kai ni ba, jarrabawar bak ta gama sakandare na faɗi sau biyu. Aka tura ni gwajin koyarwa a wata rumfar zana cikin 'yan gudun hijira, yara 'yan shekara huɗu da biyar, yawancinsu daga wajen Baroua. An koya mana ba duka, ba tsawa, in sun yi hayaniya a tafa hannu a ja waƙa. Na tafa har hannuna ya yi zafi. Wa ya saurare ni? Saura kwana biyu madam mai duba mu ta zo ba da maki, wannan na kuka, wancan na cin alli, raina ya ɓaci, na daki allo da sanda, na ce da Barbarci, "Ga yaran daji nan!" Haka ake kiran 'yan bindigar da suka koro su daga garuruwansu. Wallahi babu wanda ya gudu. Duk suka kwanta rub da ciki, hannu a ka, tsit. Wa ya koya wa ɗan shekara huɗu haka? Abin kunyar ma, na ji daɗin shirun.

Ranar dubawa ko tari babu. Madam ta ce, "Ke kam kin iya riƙe aji," ta ba ni makin da ya fi na kowa.

Sauran sun warware, ban da Falmata. Yarinyar da ta fi kowa surutu, mai ja mini zane tana "Madam, dubi!", yau wata biyu ko uwarta ba ta kira ba. Da an buga wani abu sai fitsari. An kai ta likita, an sha rubutu, shiru. Uwar ta ce iskokin bakin kogin Komadugu ne. Shekaranjiya ta kawo mini ƙullin tattasai, ta ce, "Malama, ke take so. Ki zauna da ita, ƙila ke ta yi miki magana." Na karɓa fa! Har na ce Allah ya ba ta lafiya. Falmata na bayan uwarta tana kallona, ba ta ko ƙifta ido.

In na faɗa, korata za a yi, ba takardar shaida, kuma a gidanmu ni ake jira. In na yi shiru, za a ci gaba da turara yarinya kan iskar da babu ita, ni kuma a miƙa mini aji nawa na kaina. Na durƙusa gabanta na ce, "Falmata, ƙarya na yi, babu mai zuwa." Ba ta yarda ba. A garin nan wa zai iya rantse mata da haka?

Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, me zan yi?