Kada Siddiq Ya Taɓa Makarata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Bilyamin Maigandi na unguwar Hausari, Potiskum, ina rubuta wannan da hankalina a jikina. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau.

Na ɗaya. Gidan Hausari da gonar Gadaka a raba muku, ku 'ya'yana, yadda shari'a ta ce. Littattafaina na Sifaniyanci na ba Khaulat tun ina raye, domin ita kaɗai ta zauna ta koyi harshen a wurina.

Na biyu. Siddiq, ƙanin mahaifiyarku Fanne, kada ya yi mini wanka, kada ya taɓa makarata. Ke Radiyya kina goye lokacin, don haka ga abin da ya faru. Bayan na dawo karatu daga Sifaniya, na fassara littafin wani malamin Musulmi na can zuwa Turanci, a kan zuhudu da neman ilimi. A ciki ya yabi malaminsa da cewa ya ƙone gashin idonsa a kan Alƙur'ani. Haka mutanen can suke faɗa idan mutum ya duƙufa karatu gaban fitila har idonsa ya gaji. Ni na rubuta ma'anar: ya ƙarar da ganinsa wajen karatun Alƙur'ani. Siddiq na ba wa aikin ya buga a kwamfuta, saboda na ɗauke shi ɗan'uwa. Ya buɗe ƙamus, ya ga kalmar ƙonewa babu ita a Turancina, ya mayar da ita bai gaya mini ba. Littafi ya fito da sunana yana cewa malami ya ƙona gashi a kan Alƙur'ani.

Kafin a ce me, gari ya ɗauka wai ina koyar da tsafi. Aka hana ni limancin masallacin unguwa, aka jefi ƙofarmu, makarantar da nake koyarwa ta sallame ni. Na je har gidan Siddiq na roƙe shi ya tashi a masallaci ya faɗi gaskiya. Ya ce mini, "Yaya, sunanka ne a bango, ba nawa ba." Da aka nemi wanda zai maye gurbina a makarantar, shi ya karɓa. Mahaifiyarku ta daina zuwa biki da suna, ta rasu ba ta sake taka gidansu ba.

Na uku. Khaulat, ki sake buga littafin da fassarata ta asali. A shafin farko ki rubuta wanda ya canza jimlar, da cikakken sunansa. Ki kai masa kwafi hannu da hannu a gaban mutane. In kin ci gaba da wannan aiki, ki bi abin da marubuci yake nufi, kuma kada ki saki shafi sai kin karanta shi bayan bugu.

Na huɗu. Zainulabidin, na san kana da zafi. Ban yarda ka ɗaga masa hannu ba. 'Ya'yansa ba su yi mini komai ba, ku gaisa da su. Shi kuwa in ya zo neman gafara bayan raina, ku ce masa ban bar muku ita ba. Mu haɗu gaban Allah.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Ku riƙe juna. Zainulabidin, kada ƙannenka su yi kuka kana raye.